Katin da Mai Faci Bai Rubuta Ba

A ofishin kwamfuta na asibitin, bayan ɗakin ajiyar fayil, akwai tebur biyu, fanka ɗaya mai ƙara, da wani tsohon gwangwanin madara da ba mai taɓa shi sai mai shi. Mai Faci ake ce masa. Shekararsa goma sha huɗu a kan kujerar nan, kuma shi ya haɗa shafin intanet da marasa lafiya ke shiga da wayoyinsu su karɓi lambar ganin likita, maimakon su zo su yi sammakon layi.

Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Masu irin sana'arsa galibi sukan ɗauko babban tsari guda, ginanne da komai a ciki, su ɗora shafinsu a kai. Shi kuwa tsince-tsince yake yi. Guntuwar manhaja ɗaya aikinta karɓar suna, wata ba da lamba, wata tura saƙo zuwa waya, wata duba ranar hutu. Kowace aiki ɗaya ta sani. In ɗaya ta lalace sai ya cire ta ya sa wata, sauran ko motsi ba sa yi. Dalilinsa shi ne babban tsari yana yi wa tsofaffin wayoyi nauyi, kuma yawancin masu zuwa asibitin irinsu ke hannunsu. Kowace guntuwa ya yi mata kati: aikinta, ranar da ya sa ta, da dalilin da ya zaɓe ta. Katunan ashirin da uku ne, suna cikin gwangwanin.

Abin da ya gaji da shi shi ne, duk shekarun nan bai taɓa yin hutun da ya wuce kwana huɗu ba. Ran sunan jikarsa ta fari, daga kan tabarma aka kira shi. Yanzu ga yanar ido ta rufe masa idon dama, ta fara cin na hagu. Sau biyu likitan ido yana sa ranar yi masa aiki, shi kuma Mai Faci yana ɗagawa, saboda bayan aikin sai ya yi mako shida bai kalli kwamfuta ba, kuma ba wanda zai riƙe shafin. Rana ta uku ta faɗo Alhamis.

"In ka sake ɗagawa, Malam, ni zan koma jan ka da sanda," in ji matarsa, tana sa masa maganin ɗigawa ran Litinin da safe. "Kuma ka san ba ni da haƙurin tafiya a hankali."

"Takardar hutun tana teburin shugaba."

"Tun yaushe?"

"Kwana goma sha tara."

Wata biyar ke nan da aka kawo masa abokiyar aiki, Injiniya, mace mai 'ya'ya uku wadda ta yi shekara tara tana aiki da babban tsari a wani kamfani. Ta iya aikinta, sai dai takan ce shafinsa kamar rigar da aka ɗinka da ƙyalle ashirin ne.

Shugaban sashe ya kira su biyun ran Litinin ɗin. Ya ce zai sa hannu, amma sai ya ga da idonsa Injiniya ta gyara matsala ita kaɗai.

"Ranka ya daɗe, matsala ba ta zuwa don an kira ta," in ji Mai Faci.

"To Allah ya kawo ta kafin Alhamis."

Ta kuwa zo. Ran Talata da ƙarfe tara da kwata, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mutum biyu sun zo da lamba goma sha bakwai, kuma kowa ya ce shi ne. Shugaba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya sa Mai Faci ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Injiniya ta zazzage gwangwanin a tebur. Yana jin ƙarar katunan tana ajiye su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa a zuci. Ta gwada mai ba da lamba, lafiya. Ta gwada mai tura saƙo, lafiya. Sai da ta bi ashirin da ukun nan kaf, cikin awa ɗaya da minti goma.

"Baba Mai Faci," ta ce, "kowace lafiyarta ƙalau. To wa ke gaya musu wadda za ta fara da wadda za ta bi?"

Ta sake jujjuya katunan.

"Ina katinsa?"

"Wannan ni na rubuta shi da hannuna," ya ce a hankali. "Ban ga amfanin yi wa kaina kati ba."

Layi tamanin ne kacal na rubutun manhaja, su ke ɗinke guntayen wuri guda, kuma ba inda bayaninsu yake sai a kansa. Makon da ya wuce ya taɓa su, ya matsar da layi ɗaya ba daidai ba, saboda ko da ya ƙara girman rubutu, jeri biyu yake gani a wurin ɗaya. Bai gaya wa kowa ba sai yanzu. Ya faɗa mata wurin, ta gyara cikin minti uku.

"Kun gani ko," in ji shugaba. "Ba ta yi ita kaɗai ba." Ya tafi abinsa.

Mai Faci ya daɗe bai juyo da kujerar ba. Da ya juyo, sai ya tarar Injiniya ta ɗauko sababbin katuna da biro.

"Rufe idon, Baba, ba shi muke nema ba. Baki za ka buɗe."

Haka suka wuni, yana faɗa tana rubutawa, tana tsayar da shi duk inda ya ce "wannan ai a bayyane yake". Kati ɗaya bai isa ba, sai da suka cika tara. Ran Laraba da rana ta sa shi ya ɓata layi ɗaya da gangan a gaban shugaba, ya fita baranda. Kafin shayinsa ya huce ta gano shi.

Shugaba ya sa hannu da ƙarfe huɗu saura minti ashirin. Mako biyar ya rubuta, ba shida ba. Mai Faci ya kai takardar dab da hancinsa, ya ga biyar ɗin, bai da ƙarfin gardama. Ya ɗauki gwangwanin ya ɗora a teburin Injiniya.

Ran Alhamis suna zaune a bencin sashen ido, wayarsa ta yi ƙara a jakar matarsa, inda ta kulle ta tun daga gida. Ya miƙa hannu, ta buge shi, ta duba wayar da kanta.

"Ofis ne?"

"Shafinka ne. Wai kai ne na goma sha ɗaya."

"Ni kaɗai?"

Ta tambayi na kusa da su, ta tambayi na gaba. Sha biyu da goma. Ya jingina kansa da bango, ya lumshe ido, ya jira a kira shi.