Hodar Inna

Tun asuba ake yayyafi ranar, irin mai sanyin nan da ke shiga ƙashi. Auta ta makara, ga gidan burodin da take aiki ba a jiran kowa. Ta tarar da mahaifiyarta zaune a bakin gado, ta ɗaga fuska tana jira, kamar kullum tun da idanunta suka tafi.

Inna mace ce da ko shara ba ta fita zubarwa sai da kwalliya. A gaban madubinta Auta ta girma. Nan ta koyi cewa mai ake fara shafawa, a bari fata ta sha, sannan hoda, sannan jagira, jan-baki a ƙarshe. In ta yi gaggawa sai Inna ta buge mata hannu ta ce, “Fuska ba bango ba ce da za ki yaɓa mata ki wuce.”

Da Auta ta kama aiki, zafin tanda ya raba ta da wannan duka. Kafin burodin farko ya fito, hodar ta bi gumi. Ta koma sabulu da mai kawai. Masu tambaya takan ce musu, “Fulawa ta ishe ni hoda.”

Ko da ciwo ya cinye idon Inna, kwalliyarta ta dawo hannun Auta. Da farko tana yi tsaf. Daga baya ta fara ragewa. A ƙarshe sai ta riƙa goga mata soson hoda babu komai a jiki, ta ja jagira da murfinta a rufe, ta ce, “Shi ke nan, Inna, kin fito.” A ranta tana cewa, wa zai gani?

Ranar ma haka ta yi. Tana neman lema ke nan sai ga aminiyar Inna, wata tsohuwa mai ɗinki, ta shigo tana karkaɗe mayafi. Ta dubi ƙawarta ta riƙe haɓa.

“Ke kuma wa ya mutu? Fuska fayau kamar an wanke kwano! Yau sarauniyar kwalliya ta yi murabus?”

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Inna ta yi dariya ta ce, “Ni na ce ta bari. Zafi ake yi.”

Tsohuwar ta kalli ruwan da ke ɗiga daga mayafinta, sannan ta kalli Auta.

Da yamma Auta ta dawo ta durƙusa a gaban gadon.

“Inna, tun yaushe kika sani?”

“Ido na rasa, ’yar nan, ba hanci ba. Hoda tana da ƙamshi.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“Na ji kina sauri ne.”

Da zagi ta yi mata, da ya fi sauƙi. Auta ta buɗe gwangwanin hodar, ta tarar ta dunƙule don daɗewa ba a taɓa ta ba.

Har yanzu Auta tana gidan burodin, an ma ba ta aikin kula da masu kwaɓi. Fuskarta sabulu da mai ne. Inna na nan da rai, kuma kowace safiya sai an yi mata kwalliyarta daga mai har jan-baki kafin Auta ta fita.