Tuwon da Alhaji Bai Ci Ba

Akwai wata rana a London da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Lokacin ina koyon aikin nas a wani babban asibiti a Camberwell, shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasarmu, manya na zuwa Ingila ganin likita kamar masu zuwa kasuwa.

Aka kwantar da wani Alhaji ɗan kwangila daga Kano a ɓangarenmu. Ciwo ne ya toshe masa maƙogwaro, ko ruwa ba ya wucewa, ta roba ake ba shi abinci. Iyalinsa kullum sai sun kawo kaji da naman rago, su huce a gefen gado, a kwashe.

Da ya ji ina Hausa, sai ya yafito ni. Muryarsa ta dishe, sai da na sunkuya.

"'Yata, kin iya tuwo da miyar kuka?"

"Na iya, Baba. Amma ai likita ya hana."

"Na sani. Ki dai kawo."

Ina da 'yar kuka da daddawa da Inna ta ƙullo mini, ina ta tattalinsu. Washegari na tuƙa tuwon semo, na naɗe kwanon da tawul, na hau bas. Da na miƙa wa Alhaji, ya buɗe, ya kai fuskarsa ga tururin, ya lumshe ido ya daɗe. Sannan ya turo mini.

"Zauna ki ci, ina kallo."

Kunya ta rufe ni, amma na wanke hannu na fara. Duk lomar da na ɗauka idonsa na bin ta, in na haɗiye sai in ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce yana yaro an yi wata yunwa, dusa da tafasa suka yi ta ci, ya rantse ba zai ƙara kwana da yunwa ba.

"Na tara abin da zan ciyar da gari guda," ya ce, "ga loma ɗaya ta gagare ni. Ci a hankali, 'yata."

Na cinye ina hawaye. Ya shafa fuska ya yi hamdala kamar shi ya ƙoshi. Bayan sati biyu Allah ya karɓi ransa.

A da na ɗauka samun abinci shi ne arziki. Ranar na gane wucewar loma daga baki zuwa ciki kyauta ce daban, wadda kasuwa ba ta sayarwa. Yanzu jikokina na yi mini dariya, wai na fi kowa daɗewa a kan kwano. Sai in ƙyale su, in ci gaba da taunata.