Malam Badaru Sifawa, Wanda Ya Kawo Gasar Ƙwallon Gora Bodinga

Duk mai bin hanyar Sifawa zuwa Bodinga da sassafe ya san babur ɗin Malam Badaru. Ja ne a da, yanzu sai dai a ce ya taɓa zama ja. A bayansa akwai buhu ɗaure da roba, kawunan sanduna masu lanƙwasa suna leƙowa ta bakinsa. Da an idar da sallar asuba yake fitowa, ya tsaya wurin mai ƙosai a bakin tasha, ya wuce filin makarantar sakandare tun ba a buga ƙararrawa ba. Abin da yake fara yi shi ne ya zagaya filin a ƙafa, kai a sunkuye, yana tsince tsakuwa da ƙaya. Idan yara suka gama atisaye suka shiga aji, sai ya zauna a gindin dogon yaro ya buɗe jakarsa ya hau rubuta wasiƙu. Litinin da Laraba yana Bodinga, Talata da Alhamis yana Shagari.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan zirga-zirga. Sha biyar daga cikinsu ya yi su yana wakiltar shiyyarmu a kwamitin ƙungiyar ƙwallon gora ta ƙasa, shi ke kula da wasannin makarantu. A watan jiya ya ajiye wannan kujera saboda gwiwoyi sun fara ƙin tafiya mai nisa. Ni kuwa Safinatu, ɗaya daga cikin ɗalibansa, na ga bai kamata ya sauka shiru ba.

Ga wanda bai sani ba, ƙwallon gora shi ne wasan da wasu ke kira hoki. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kowa da sanda mai lanƙwasa, ana kora wata 'yar ƙwallo mai tauri zuwa raga. A ƙasarmu wasa ne marar gata. Ba mai biyan kuɗin ƙofa don ya kalla, ba a nuna shi a gidajen kallo. Ƙungiyar ƙasa tana rayuwa ne da ɗan tallafin hukuma da abin da aka roƙo daga kamfanoni. Mutanen Sifawa idan suka ji an ce Malam ya tafi taro Abuja sai su ɗauka wani abu ake rabawa. Ba su san a motar haya yake tafiya ba, ya sauka a ɗakin wani tsohon ɗalibinsa. Ya taɓa ce mini a cikin wasiƙa arba'in da yake aikawa, uku ake amsawa, biyu daga ciki kuma haƙuri ake ba shi.

"To, Malam, mi ya sa ba ka daina ba?" na tambaye shi.

Ya ce, "Saboda ta ukkun."

Sandar wasa ta gaske daga waje ake kawo ta, tsadarta ta fi ƙarfin makarantar ƙauye. Sai ya ɗauki wata karyayyiya ya kai wa Sodangi, masassaƙin da ke yin ƙotar fartanya a kasuwar Bodinga. Sodangi ya juya ta, ya sake juyawa.

"Wanga wace irin ƙota ce? Ina bakin ƙarfen zai shiga?"

"Ba ƙarfe, Sodangi. Ƙwallo za a buga da ita."

"Ƙato awa kai, da hurhura?"

Na farko da ya sassaƙa sun kakkarye cikin mako guda. Suka yi ta sauya itace har suka tsaya a kan marke. Da irin waɗannan sanduna aka koyar da yawancinmu, na gasken kuwa sai ranar gasa ake kwance su daga cikin zane. Sodangi har yau bai san dokar wasan ba, amma ba a taɓa buga wasa a Bodinga bai rufe rumfarsa ya zo ba.

Yadda na shiga wasan ma aikin Malam Badaru ne. Mahaifina, Malam Abdulrazak, malamin makarantar allo ne a Shagari, kuma da farko ko sauraren zancen bai yi ba. Sau uku Malam Badaru yana zuwa zaurenmu. Bai yi gardama ba, bai kawo hujjar boko ba. A zuwa na uku sai ya taho da kayan da za mu sa, dogon wando da riga mai sauka gwiwa da ɗan hijabi, waɗanda matarsa Nana Hauwa ta ɗinka, ya shimfiɗa su a kan tabarma.

"Allah shi gafarta Malam, ga suturar. Duk inda za su tahi, iyalina na tare da su. Ka zo ka gani da idonka. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ni da kaina zan maido maka ɗiyarka."

Ranar Alhamis Baba ya je ya tsaya can nesa da carbinsa. Da ya dawo gida abin da kawai ya ce mini shi ne, "Ashe kina da gudu."

Abin da ya fi zama a bakin mutane shi ne abin da ya faru a shekarar da nake ajin ƙarshe. Ƙungiyar ƙasa ta shirya gasar 'yan mata ta makarantun jihohin arewa, wani kamfani ya yi alkawarin ɗaukar nauyi. Saura mako biyar sai kamfanin ya janye. Kwamiti ya zauna, babu yadda za a yi, aka fara maganar ɗagewa. Malam Badaru ya san gasar 'yan mata idan aka ɗage ta sau ɗaya, da wuya ta dawo, iyaye kuma za su janye 'ya'yansu. Wani da ya halarci zaman ya ba ni labarin cewa Malam ya miƙe ya ce a ba shi gasar ya kai Bodinga. Aka tambaye shi ko akwai filin roba a can. Ya ce babu. Otal fa? Ya ce babu.

"To, me kuke da shi?"

"Muna da fili, muna da ruwa, muna da tukwane."

Aka yi dariya, amma aka amince. Ƙungiya ta ce za ta turo alƙalan wasa da ƙwallaye da kofi, saura kuwa yana wuyansa.

Washegarin dawowarsa ya nufi Lambara, wurin Alhaji Kamilu, shugaban manoman albasa na yankin. Ya same shi a fadama ana cire albasa. Bayan an gaisa, Alhaji ya riga shi magana.

"Malam, in kuɗɗi ka zo biɗa, ba mu kai kaya kasuwa ba tukuna."

"Ba kuɗɗi nika biɗa ba, Alhaji. Injin ban ruwa nika so, aro, na kwana goma."

Ya yi masa bayanin cewa ƙwallon ba ta tafiya daidai sai ƙasa ta kwanta sumul, kuma ƙasa ba ta kwanciya sai an jiƙa ta an daddanne. Alhaji ya riƙe baki.

"Wato ruwan da muke ba albasa za mu kwarara ma ƙasa tsirara don ɗiya mata su yi guje-guje?"

"Alhaji, baƙi za su zo daga jiha biyar. In sun koma gida za a tambaye su mi sunka gani a Sakkwato."

Alhaji Kamilu ya ce, "Baƙi? To don mi ba ka fara da wannan ba?"

Kafin mako ya zagayo, injin biyu sun iso filin tare da motar ɗibar ruwa. Aka cika duro-duro da yashi, matasan gari suna gangara su a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa safe da yamma, Malam yana gaba da igiya yana auna layi. Mai walda ya haɗa ragar ƙarfe. Shugabar makarantar 'yan mata ta ba da ɗakunan kwana tunda hutu ake yi. Manoman Lambara suka aiko da shinkafa da gero da albasar da ta isa a yi biki uku. Matan Shagari da na Bodinga suka kafa murhu a bayan makaranta, Nana Hauwa tana tsaye a kansu. Har Baba ya aiko da tabarmin makarantarsa don baƙi su samu na salla.

Saura kwana biyu a fara aka zo tantance shekaru, domin gasar ta 'yan ƙasa da shekara sha takwas ce. Malam Badaru ne shugaban gasar, kuma da takardun ƙungiyarsa ya fara. Ni ce kyaftin. Ina filin ina atisaye aka ce yana kirana a ofis. Na same shi da takardar haihuwata a hannu, malamar da ke horar da mu tana tsaye a gefe ido ya yi ja.

"Safinatu, zauna," ya ce. "Kin wuce da wata huɗu."

Na ce, "Malam, wata huɗu kawai?"

Malamar ta sa baki. "Malam, don Allah. Yarinyar nan shekara huɗu tana jiran ranar ga. Wa zai sani?"

"Ni na sani," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Gobe zan duba takardun ɗiyan mutane da sunka yo tahiyar kwana guda. Da wane ido zan duba su?"

Na fita ina kuka. Har gida na je na gaya wa Baba, ina zaton zai je ya yi masa magana. Baba ya ce, "Shi ya sa na ba shi ke."

Aka yi gasa kwana huɗu. Jama'ar da ta taru ba ta taɓa ganin wasan ba, amma kafin rana ta biyu tsofaffi sun fara yi wa alƙalin wasa gyara. Ƙungiyarmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ana cinmu biyu da ɗaya. Saura minti biyu muka samu bugun kusurwa, wanda ni na saba bugawa. Ƙawata Bahijja ta buga, ƙwallo ta daki ƙarfen raga ta dawo. Ina zaune a cikin 'yan kallo, na juya na kalli Malam Badaru a teburinsa. Ya cire hula ya share fuska da ita, ya mayar, ya rubuta sakamako. Da hannunsa ya miƙa wa baƙi kofi a ranar ƙarshe.

Mun rasa kofi, amma gasar ta rayu. An gayyaci Bahijja da wasu 'yan mata biyu zuwa sansanin horo na ƙasa. Wani mai injin casar shinkafa da Alhaji Kamilu ya ja zuwa kallo ya ɗauki nauyin gasar ta shekaru uku masu zuwa. Har yau ana yin ta, jiha bayan jiha.

Ni kuwa wata biyu na yi ban gaishe shi ba. Idan na hango babur ɗinsa sai in sauya hanya. Wata ranar Asabar sai ga shi a zaurenmu, aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi a daƙile.

"Har yanzu hushi ake yi da ni?" ya ce yana murmushi. "Kina da gaskiya, abin da ciwo. Kuma in an sake, zan sake cire ki. Amma wasan bai gama da ke ba."

Ya ajiye takardar neman shiga kwalejin ilimi, sashen koyar da wasanni, ya riga ya cike rabi. Yau shekara tara ina koyarwa a Shagari, kuma ina busa wasa a gasar da aka hana ni bugawa. Ni ke duba takardun shekaru yanzu. Sau biyu na cire yarinya, kuma duk sau biyun sai da na shiga ofis na rufe ƙofa na zauna kafin in iya fitowa.

Malam, kai ne ka zauna a teburin manya a Abuja da ƙurar Sifawa a takalminka, ba ka ji kunyar faɗin inda ka fito ba. Kai ne ka nuna cewa ƙungiyar ƙasa ba ofis ba ce kawai, har da masassaƙi da manomi da mai tuƙa tuwo. Kai ne ka roƙi duniya saboda 'ya'yan wasu, ba ka taɓa roƙon kowa don kanka ba. Uban 'yan gora, mai haƙurin jiran amsa. Ka sa ni kuka sau ɗaya, kuma babu malamin da ya yi mini alherin da ya kai wannan.

Mun gode, Malam. Mun gode wa Inna Nana Hauwa da ta raka mu garuruwan da ba ta da kowa, ta kwana a ƙasa tare da mu. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa abin da ka yi ya zama nauyi a mizani.

Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da irin nasa Malam Badaru, yana fama da wani abu da ba mai tafa masa. Kada ku jira sai ya sauka. Mai mota ya ba da mota, mai fili ya ba da fili, wanda wasiƙa ta zo teburinsa ya buɗe ya amsa. Wanda kuma aka damƙa wa amana, ko ta takardar haihuwa ce, ya riƙe ta yadda ya riƙe.

Da na gama wannan rubutu na kai masa har Sifawa na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe yana kallon ƙasa. Can ya ɗago.

"Mutane da yawa za su karanta?"

Na ce, "In sha Allah, Malam."

"To, yabon ya isa haka. Ki ƙara layi guda a ƙasa. Ki ce ƙungiyar 'yan mata ta Shagari tana biɗar mai tsaron raga. Doguwa, wadda ba ta tsoron ƙwallo. Ta zo ranar Talata da ƙarhe bakwai, da iznin mahaifinta."

To, ga shi na ƙara, Malam.