Duwatsun Mushe Aza

Ku da kuka zauna ajin kawuna Mushe Ilyasu, wato Malam da Faransanci, a kolejinmu na Arlit kun san maganar da ba a yi a gabansa: "daidai suke." Ka ce abu biyu daidai suke, ko takalma ne ko tabarmi, sai ya tsaya cak, ya zame tabarau, ya ce da harshensa na mutanen Tawa, "Aza mu gani!" Har sunan ya bi shi, Mushe Aza. A wurinsa ido maƙaryaci ne. Alwatika biyu ba sa zama daidai sai ka ja ɗaya, ko ka juya ta, ko ka kife ta, ta hau 'yar'uwarta kusurwa kan kusurwa.

Raina fa a ɓace yake. Ko sadakar arba'in ba a yi ba, darakta ya aiko mini, tunda ni na gaji ajin lissafin, wai in kwashe duwatsun Kawu daga tsakar makaranta za a gina rumfar ajiye babura. Wai kuma za a sa mata sunansa! Mutumin da keke kaɗai ya mallaka a duniya, shi za a karrama da rumfar babura? Kai, jama'a!

Kun san asalin duwatsun. Rowar alli ce ta haife su. Guntayen da malamai ke zubarwa shi yake tsincewa a gwangwanin tumatir, yana cewa, "Alli na ƙarewa, dutse ba ya ƙarewa." Sai ya yi ta jido baƙaƙen duwatsu a bayan kekensa daga hanyar Akokan, ya jera layi biyu, ɗaya gabas da yamma, ɗaya kudu da arewa, taki ɗaya tsakanin dutse da dutse. Inda suka haɗu ya kafa turken ƙarfe, ya ce nan ne sifiri. Mutum uku su tsaya su ja igiya, sun zama alwatika. "Taki huɗu gabas, biyu arewa, ku duka!" Wanda ya rage taki, igiya ce ke saki ta tona masa asiri.

Wannan daraktan dai, farkon zuwansa, ya jingine sabon baburinsa a jikin turken. Kawu ya kira yara. Ya sa aka ɗaga babur ɗin cak, taki bakwai yamma, uku kudu, aka dire shi a ƙofar masai. Darakta ya fito yana kumfar baki.

"Wa ya taɓa mini babur?"

"Mushe darakta, mi ya ragu gare shi? Tsawonai na nan, hwaɗinai na nan. Ja kawai muka yi. Ga shaidu aji guda."

Ranar da mai duba makarantu ya zo daga Agadas kuwa, an sha kallo. Ya ga alwatika biyu a fili, ɗaya ta dubi gabas, ɗaya yamma, ya ce waɗannan ba daidai suke ba, a koma allo a bi littafi. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, miƙo hannuwanka. Ɗaya na kallon nan, ɗaya na kallon can, ko? To haɗa su." Bawan Allah ya haɗa tafukansa, yatsa kan yatsa, a gaban yara. Kawu ya ce, "Madalla! Da na zata aro ka yi na hagun." Daga wannan shekarar ba a sake yi masa ƙarin girma ba, shi kuma ko a jikinsa.

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne Malam Sanusi tela, mutumin Damagaram. Ya ɗinka masa rigar sallah, da aikin zare mai kusurwa uku a kowane gefen ƙirji, ya kuskura ya ce daidai suke. Kawu ya ninke rigar biyu a kan layin wuya, ya ɗaga ta ga rana. Ɗaya ta zarce da kamar faɗin farce.

"Haba Mushe! Wa zai ninke ka biyu a filin idi?"

"Ni na sani, rigar ma ta sani. Warware."

Sau uku ana warwarewa. A tsohuwar riga ya yi sallah, yana murmushi.

Ranar da tarin da ya daɗe yana fama da shi ya ɗauke shi, aka gwada tsawonsa da kara aka kai wa masu haƙa kabari. Da suka gama, ɗaya ya ɗago ya ce, "Ya yi daidai." Muka dubi juna. Sai Malam Sanusi, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Aza mu gani." Aka aza karan, ya zauna cif. Wallahi mun yi dariya, mun yi kuka, liman ma sai da ya kau da kai.

To, darakta, rumfa taka ce, gina abinka. Amma ba mai zubar da dutse ɗaya. Ranar Asabar duk wanda ya taɓa riƙe igiyar nan ya zo, ko yana aikin ma'adinai ko yana kasuwa. Kowa ya tsaya kan dutsensa, ni ina kan turke. Mu ɗauka, taki talatin gabas, mu duka, mu dire. Idan aka tambaye mu, mun san amsar: filin Kawu tsawonsa na nan, faɗinsa na nan, ja kawai muka yi.

Allah ya jiƙan Kawu Ilyasu. Shi da bai yarda a rage ko faɗin farce ba, Allah kada ka auna shi da awonsa. Ka yalwata masa makwanci fiye da tsawon karan nan. Amin.