Ɗaya Sama, Ɗaya Ƙasa

"Kin gan ta? Ta sake jefa goron."

"Duba take yi?"

"Ina fa duba. Miyar dare take tambaya, ayoyo ko kuka."

"To Allah ya kyauta. Mu masu kai a wuya ai mun zama wawaye."

Mma Asmawu tana jin maƙwabta ta bayan katangar gidan haya a unguwar Tishigu, ba ta ɗago ba. Ta tsince ɓarin goron biyu, ta ɗaure a bakin zani. Miyar kuka ce ta ci.

Da ba haka take ba. Tun tana amarya take sayar da koko da ƙosai a bakin titi, mijinta Muniru yana gyaran keke a gefenta. Shi ne mai cewa. Gero nawa za a jiƙa, wane biki za a je, wanne za a aika da gaisuwa, duk a bakinsa suke, ita kuwa ba ta taɓa jin an ƙware ta ba. Sai bara ya faɗi a kan tayar da yake liƙewa. Ɓarin jiki ya shanye, magana ta tafi, idanu kaɗai suka rage.

Daga nan komai ya dawo kanta. A juya shi yanzu ko a jima? A yi masa wanka kafin suya ko bayan suya? A hau yalo-yalo mai ƙafa uku zuwa asibiti ko a roƙi mai babur? Wata rana ta tsaya gaban akwati da zani biyu a hannu har wutar murhu ta mutu. A aljihun rigarsa ta sami goron da bai ƙarasa ci ba, ta ɓare shi biyu. Idan duka suka faɗi ciki sama, na farko ke nan. Idan suka kife, na biyu. Ɗaya sama ɗaya ƙasa, a sake jefawa. Goron ya bushe ya yi baƙi, ba ta canza shi ba. Da shi take samun barci.

Ranar Juma'a ƙanen mijin, Andani, ya zo daga Gumani, ya jingine kekensa, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Matar yaya, asibitin nan sun yi iyakarsu. Akwai wani tsoho mai ganye a ƙauyen mahaifiyarmu. A ba ni shi in kai shi."

"Ni fa?"

"Ki zauna kan sana'arki. In kin bi mu, wa zai ciyar da wa?"

"In ya tafi zai dawo?"

Andani ya dubi tayar kekensa. "Mota za ta zo bayan la'asar. Ban isa in ɗauke shi ba sai kin ce."

Ta shiga ɗaki ta saki labule. Muniru yana kwance, yana bin ta da ido. Ta kwance bakin zani. Ciki sama, ya tafi. Kife, ya zauna.

Ta jefa. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ta sake, haka. A jifa na gaba duka suka kife, amma ta san zaman nan ba magani a cikinsa. Ta ce hannunta ne ya zame, ta sake. Suka faɗi ciki sama. Ta dubi katifar, ta ga yadda za ta kasance ba kowa a kai, ta kasa tsince su.

Ta nemi abin da ita kanta take so, ta rasa inda ta ajiye shi.

A waje an kira la'asar. Andani ya yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Ta matsa ta kama hannunsa mai rai, ta shimfiɗa yatsunsa a tafinta, ta kira shi da sunan 'yarsu.

"Baban Farhana, ka ji abin da ƙanenka ya ce. In za ka tafi, matsa mini hannu. In za ka zauna, matsa sau biyu. Don Allah ka ce wani abu, ko wanne ne zan bi."