Jan Biron Malam Elkana

Malam Elkana mutumin Michika ne, amma a Mubi ya tsufa. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci, jan biro a aljihun gaba. 'Yan mishan ne suka koyar da shi, kuma bai taɓa sakin abin da suka ɗora shi a kai ba. In ka ce "he went", in ji shi, ka rufe ƙofa. In ka ce "he has gone", ƙofa tana buɗe, ana sauraron dawowarsa. Kuma "has" ba ta zama layi ɗaya da shekara. Da ka ambaci lokaci, magana ta ƙare. Yakan ce Hausa ta fi tausayi, domin "ya tafi" ta ɗauke duka biyun.

Ranar da gari ya watse a 2014, ɗansa Joel ya raka shi da iyali har hanyar Kwaja, sannan ya juya don ɗauko maganin hawan jinin uban, wanda aka manta a kan tebur. Ba a sake ganinsa ba. Tun daga nan, duk wanda ya tambaya, da Hausa Malam yake amsawa.

Matar Joel, Dorathy, ta zauna. Shekara goma tana dama masa kunu, tana karanta masa Zabura da idonsa ya raunana. Sai wani manomi daga Gude, Adi, wanda matarsa ta rasu, ya nemi aurenta. Fasto ya ce ba zai ɗaura ba sai uban miji ya sa hannu a takarda cewa Joel ba ya nan.

Ita ta rubuta, ta kawo masa da safe a gindin mangwaro. Ya kai takardar kusa da hanci. Layi na biyu ya ce: "Joel has gone in 2014."

Malam ya ɗago ya dube ta. Dorathy ɗalibarsa ce a dā, ita take zuwa ta ɗaya. Irin wannan kuskure ba nata ba ne.

"'Yata, haka na koya miki?"

"A'a, Baba. Na san ɗaya zai fita. Ban iya zaɓa ba."

Ya lalubo biron. In ya soke shekarar, jimla ta gyaru, Joel yana hanya, ita kuma ta tsufa a madafinsa. Ya dubi hannuwanta, ya ga yadda suka fara tamoji. Bakin biron ya tsaya a kan shekarar har tawada ta ɗiga.

Sai ya matsar da biron baya, ya soke "has gone", ya rubuta "went" a sama da rubutunsa na 'yan mishan, ya sa hannu.

Ya ce ta kai wa Fasto yanzu, kafin shi Malam ya sake karantawa.