Taya Biyu Zuwa Erdington

A takarda motar ta Umma ce, amma tun da gwiwarta ta hana ta taka kuloci ni nake ja. 'Yar ƙarama ce, ja, ƙofa uku, in za ka hau tudu sai ka kashe hita ka taimaka mata. Da ita nake raba parcel a unguwarmu Levenshulme ta Manchester da lungunan bayan Stockport Road. College kuwa ban gama shekarar farko ba na fece. Na ce wa mutane don an soke ɗan kuɗin da ake ba mu duk sati ne, suka kuma yarda, don a shekarun nan duk abin da ka rasa sai ka ce cuts, wato gwamnati ta tsuke bakin aljihu. An rufe youth club, cuts. Library ta rage kwanaki, cuts. Gaskiyar magana, ba na iya minti ashirin a kujera ɗaya sai ƙafata ta fara rawa.

Baba accountant ne. Yayata likita ce a Birmingham, mijinta injiniya. Ni in baƙi suka tambaya sai Baba ya ce ina harkar logistics, ya yi maza ya koma siyasar gida.

Wata biyu kafin abin da zan faɗa, na goge ƙofar motar da wani turken ƙarfe. Baba ya zaunar da ni a falo, ya kashe talabijin, ya ce in aka ƙara ƙarzane ɗaya a jikin motar nan mukulli ya dawo hannunsa, ni kuma in koma college in karanta accounting. Har form ya karɓo ya manna a jikin firij. Kullum zan ɗauki madara sai mun haɗa ido.

Sai Yaya ta haihu a tsakiyar hunturu, aka sa suna ranar Asabar a gidansu da ke Erdington. Masu hasashen yanayi suka ce snow, wato dusar ƙanƙara, zai sauka tun daren Alhamis. Motar Baba babba ce ta Jamus, irin wadda in ta ga snow take tsayawa wuri ɗaya tana tono da tayoyin baya kamar kaza. Umma kuma ta ce ba mai sa ta shiga jirgin ƙasa da kulolin abinci. Tafiya dai ta faɗo kan 'yar jar motar, da ni.

Tayoyina huɗu duk sun fara sanƙo. Na ce wa Baba ya kamata a sa winter tyres, tayoyin hunturu. Ya ce to, amma tare za mu je, don ko burodi bai yarda in sayo ni kaɗai ba.

Shagon tayar yana ƙarƙashin gadar jirgi, ba sababbi yake sayarwa ba, waɗanda aka ɗan taka ne. Mai shagon ɗan Pakistan ne haifaffen nan, kowa boss ne a wurinsa. Ya duba lambar da ke gefen tayata, ya shiga ciki, ya mirgino guda huɗu masu zane mai zurfi, kowacce da ɗan tambarin dutse da ƙanƙara a ciki.

Baba, da kwat ɗinsa da takalmin ofis, ya matsa ya sheƙa wa ɗaya ƙafa. Ya sunkuya ya danna da babban yatsa. Robar ta lotsa. Da ya ga tambarin sai fuskarsa ta canja kamar ya haɗu da wanda ya taɓa damfararsa. Ya ce ya san tayoyin nan farin sani, su ne 'yan kwatanon da suka cika kasuwa a Kano, laushi kamar burodi, irinsu ce ta fashe masa da rana tsaka kafin Kwanar Ɗangora, saura kaɗan a yi ni maraya tun ban zo duniya ba.

Na yi rabin awa ina masa bayanin cewa laushin shi ne aikin. Don sanyi aka yi su, mu ne muka kwasa muka kai su kwaltar da za ta soya ƙwai. Mai shagon na tsaye yana kallon bakinmu yana jiran wanda zai faɗi. A ƙarshe Baba ya yarda cewa mai yiwuwa a ƙasarsu suna da hali na gari. Sai ya ce a sa biyu.

Mai shagon ya ce, boss, ko huɗu ko kar a sa ko ɗaya. In gaba ta kama ƙasa baya ba ta kama ba, a kwana bayan motar zai so ya wuce gabanta.

Baba ya juyo gare ni da Hausa.

“Huɗu? Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa sayen taya huɗu rana ɗaya ba. Ko gwamna ba ya yi.”

Ya zayyano min yadda ake yi tun da aka ƙirƙiro mota. Sababbi biyu su hau gaba, na gaba su koma baya, mai dama-dama a cikin na baya ta zama safaya, ɗayar a bar wa mai faci ya yanka takalmi. Ya tambaye ni waɗanne tayoyi ke jan motar nan. Na ce na gaba. Waɗanne ke juyawa in an murza sitiyari? Na gaba.

“To na baya bi kawai suke yi. Kamar kai a gidan nan.”

Ni kuwa na bi. Shi zai biya, kuma in faɗi gaskiya maganar ta ɗan shige ni. Mai shagon ya ɗaga kafaɗa ya jawo jak.

Asabar da safe unguwa ta yi fari fat. Muka loda kular waina da ta shinkafa a but. Tukunyar miyar taushe kuwa Umma ta ce ba za ta rabu da ita ba. Ta ɗaure murfin da ɗankwali, ta zaunar da ita a kujerar baya kusa da ita, ta sa mata belt kamar jika. Baba ya shiga gaba da babbar riga ta farar shadda, kwat a sama, gwiwoyinsa suna taɓa dashbod.

Babbar hanyar M6 an share an zuba gishiri, motar tana tafiya kamar an shafa mata mai. Duk tirelar da muka wuce sai Baba ya ce, “Ka gani? Biyu.” Kafin mu kai Stafford ya riga ya gaya wa Umma cewa shi ya kawo shawarar winter tyres tun farko, yaron nan da haka zai kwaso mu da sanƙo.

Wajen sha ɗaya muka sauka daga babban titin Erdington muka shiga layin su Yaya. Layin gangare ne, ba gishiri, motoci sun danne snow ɗin ya zama gilashi. Gidan yana ƙasa, daidai kwana ta hagu. Na sa giya ta biyu, ina tafiya kamar mai rakiyar gawa. Na murza sitiyari. Tayoyin gaba suka ciji kwanar, Allah ya sani sun yi aikinsu. Na baya kuwa ba wanda ya gaya musu an yi kwana.

A hankali abin ya faru, shi ya fi ba ni haushi. Na ga gidan Yaya, na ga shingen maƙwabta, na ga hanyar da muka fito. Umma tana salati tana rungume da tukunya. Sai ƙum, bayan motar ya daki ginshiƙin bulon ƙofar gidan. Ɗankwalin ya riƙe murfin iya ƙoƙarinsa, amma miyar ta sami hanya ta gefe, ta biyo tsakanin kujeru ta sauka a kafaɗar Baba har hannun riga.

Ba wanda ya ji ciwo. Na fito na zagaya. Fitilar baya ta fashe, bamba ta tsage, ga ƙarzane tsawon hannuna. Na tsaya ina kallonsa, har ina jin warin ajin accounting a hancina.

Kuma ba a ɓoye aka yi ba. Maza 'yan suna suna tsaye a ƙofa suna cire takalma, rabin likitocin Arewa da ke Birmingham. Mijin Yaya ya fito da silifas a cikin snow, ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi wa Umma sannu. Da yake injiniya ne bai iya miƙewa haka nan ba, sai da ya leƙa tayar gaba, ya leƙa ta baya.

“Ƙanina, wa ya ba ka shawarar sa winter a gaba kawai? Ai wannan ya fi rashin sawa haɗari.”

Wani likita ya ce wanda ya yi wannan ya kamata a ƙwace masa lasisi. Wani ya ce jahilci ne kawai.

Na dubi Baba. Yana tsaye yana cire ganyen alayyahu daga aikin rigarsa. Tun da nake ban taɓa ganinsa ya rasa inda zai ajiye idonsa ba sai ranar. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban surukin nan nasa. Amsar tana bakina a shirye, kalma biyu, kuma da ita zan tsira da mukullina a gaban shaidu.

Na ce, “Ni ne. Gani na yi kamar biyu sun isa.”

Kar wani ya ɗauka halin kirki ne zalla. Na san in ka kunyata uba a gaban surukinsa, ko kana da gaskiya ka gama yawo. Amma kuma tausayinsa ya kama ni da na gan shi da kabewa a kafaɗa.

Na sha lacca daga likita huɗu da mai haɗa magani ɗaya. Wani har ya zana min hoto da yatsa a kan snow ɗin gilashin mota. Da suka gama Baba ya miƙo hannu, bai kalle ni ba.

“Kawo mukullin.”

Na ba shi.

Aka yi suna. Miya ba ta kai ko'ina ba, mata suka yi ta tsoma waina a romon rago. Baba ya wuni cikin kaftanin surukinsa da ya tsaya masa a ƙwauri. Yaya ta ce min wallahi ba zan taɓa ɗaukar ɗanta a mota ba. Umma kuwa da ta zuba min, sai na ga nama a kwanona ya fi na kowa.

Lahadi da hantsi ruwa ya sauka ya wanke titi. Na riga kowa shiga mota, na zauna a baya tare da tukunyar da ba komai a ciki, tunda matsayina ke nan yanzu. Baba ya buɗe ƙofar direba, ya ja kujera baya, ya zauna, ya gyara madubi. Umma tana tsaye a gefe tana gyara mayafi. Ta sunkuyo ta taga, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Alhaji, ni fa ina kicin ranar da kuka dawo daga sayen tayar nan. Sau biyu ka ba ni labarin yadda ka ce a sa biyu.”

Ya daɗe yana kallon sitiyari. Sannan ya fito, ya zagaya ɗaya gefen, ya wurgo mukullin kan cinyata. Ya ce hasken titin nan yana damun idonsa. Ya ce Litinin in je in sa sauran biyun, in kuma gyara fitila kafin 'yan sanda su gan ni ina rabon kaya da ita haka. Maganar college ba ta fito ba, ni kuma ban yi gangancin tambaya ba.

Na ja mu a layin tirela har Manchester, motar tana ta ƙamshin daddawa. Muka wuce Stoke. Can sai Baba ya ce, yana kallon waje, matsalar yaran yanzu ba sa jin shawara, ga mai shago ya faɗa da bakinsa a sa huɗu.

Na ce, “Haka ne, Baba.”